Daren da na zubar da maki ɗari a wasan ches

Wata huɗu na yi ina tara makin nan da gumina. Daga 1380 na lallaɓa har 1480 a Lichess, shafin buga ches a intanet, a wasan minti biyar, saura ƙiris in taɓa 1500, lambar da ake bai wa sabon shiga kyauta ranar da ya buɗe asusu, ni kuma na fi shekara ina neman komawa gare ta. A dare ɗaya na mayar da kaina inda na fito.

Abin haushin, wasan da ya jawo masifar a hannuna yake. Na cinye masa doki a banza, sarkinsa ya fito fili, agogona da sauran minti biyu cur. Zumuɗi ya ɗebe ni, na ja sarauniya zuwa gidan da nake ganin daga nan sai kisa, wato in rufe sarkinsa wasa ya ƙare, ko kallon ɗaya dokin nasa ban yi ba. Tsalle ɗaya ya yi ya haɗa sarkina da sarauniyata a hari ɗaya. Na yi tsuru ina kallon allo, kunnuwana har zafi suke yi.

Maki shida kawai na rasa a nan. Shida! Da na rufe kwamfutar na kwanta, da magana ta ƙare. Amma kafin zuciyata ta sauka yatsana ya riga ya danna sabon wasa. Wai zan rama. A kan wa? Wanda ya ci ni ya yi tafiyarsa, ƙila ma a wata nahiyar yake yana shirin barci. Wasa 31 na buga kafin gari ya waye, bakwai kacal na ci. Tun wajen na goma na daina lissafi, sai jefa kaya nake yi da sauri, ina kai hari da abin da bai isa hari ba, in an kama ni in sallama in sake dannawa.

Na kwana biyu ban leƙa ba. Da na dawo da hankali a jikina na bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan karon ban fara kunna Stockfish, manhajar da ke nazarin wasa, ba. A da shi nake fara buɗewa, ya zana min alamar tambaya biyu a kan motsina, wato babban kuskure, in ji kamar an mare ni, in rufe ban koyi komai ba. Sai na ɗauki biro, duk inda wasa ya ɓaci in rubuta abin da nake tunani a lokacin. Kusan duka amsa ɗaya ce: abin da ni zan yi masa nake gani, ban taɓa tambayar me shi yake shirya min ba. Dokin nan dai, sau ashirin da wani abu, cikin kama daban-daban.

Akwai kuma abin da na daɗe ban gane ba game da makin kansa. Na'ura tana haɗa ka ne da wanda kuke kunnen doki, don haka ko ka ƙware yaya, kusan rabin wasanninka sai an ci ka. Ka hau, a kawo maka wanda ya fi na baya tauri. Ni kuwa duk faɗuwa ina ɗaukar ta shaida ce cewa kaina ba ya ja.

Manya ma ba su tsira ba. A 2006 Vladimir Kramnik, yana zakaran duniya, ya kasa ganin kisan motsi ɗaya a karawarsa da kwamfutar Deep Fritz. A 2025 a gasar Norway, Magnus Carlsen ya daki tebur da hannu bayan ya saki wasan da yake kan gaba, Gukesh, zakaran duniya na lokacin, ya cinye shi. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, kuma ba zan ɓoye ba, ya sanyaya min rai. Sai dai shi bayan ya daki teburin tashi ya yi ya fita, babu maɓallin sabon wasa a gabansa.

Yanzu dokata biyu a jere: in aka ci ni sau biyu, na tashi, ko da ina jin na uku nawa ne. Wannan jin shi ne maƙaryacin. Na kunna tsarin Zen da ke ɓoye maki lokacin wasa, na koma na minti goma sha biyar, inda akwai sararin duba me abokin karawa yake nufi kafin in taɓa komai. Dokar ba kullum nake cika ta ba, makon jiya ma sai da na yi huɗu kafin na ja kaina da ƙyar.

Makin minti biyar ɗin yana 1440 yanzu. Shi kuwa wasan dokin har yau yana cikin tarihin asusuna, nakan buɗe shi in tsaya a motsi na 24, in kalli gidan da ya kamata sarauniyar ta je, gida ɗaya tak a gefen wanda na sa ta.