Waken Gida a Hamadar Arizona

Shekarata ta farko a Tucson, a Amurka, asarar iri na yi. Na sayo wake da masara a kanti, na shuka a bayan gida cikin Afrilu. Kafin Yuni ya ƙare rana ta toye su ƙurmus. Ni ɗan Tasawa, wanda ya tashi da hauya a kafaɗa, a ce wake ya gagare ni! Ko Inna ban iya gaya wa a waya ba.

Wata tsohuwa da muke hawa bas tare ita ta warware mini. 'Yar ƙabilar Tohono O'odham ce, waɗanda suke noma wannan hamada tun kafin Turawa su san da ita. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗana, a garinku da rani kuke shuka?" Ashe su ma damina suke jira. Tasu takan faɗi a Yuli, da hadari da tsawa irin namu, sannan a fita da iri.

Ita ta kai ni gonar haɗin gwiwa ta San Xavier, kudu da gari, wadda 'yan ƙabilar ke gudanarwa da kansu. Can na ga masararsu mai nuna cikin kwana 60, da wani ƙaramin wake da suke kira bawi, wanda fari bai cika kayar da shi ba. Ta nuna mini kogin Santa Cruz, yashi zalla. Birni da masu haƙar ma'adinai suka zuƙe ruwan ƙasa har gonaki suka mutu, sai da aka je kotu, aka yi dokar 1982, kafin ruwa ya dawo musu. A tsakanin nan mutane suka koma kan farin fulawa da abincin gwangwani, ciwon suga ya shiga kusan kowane gida. Shi ya sa ba ta ɗaukar maganar iri da wasa.

Da za mu rabu ta kwance bakin gyale, ta zuba mini wani wake a tafin hannu, fari da dabbare-dabbaren baƙi. Na tsaya ina kallo. Wallahi wakenmu ne, irin wanda ake rafkawa a ɗan wake. Daga Afirka ya fito, Sifaniyawa suka kawo shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, su kuma suka riƙe shi har ya zama nasu.

Na zaro kuɗi, ta ture hannuna. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: in na girbe, in dawo mata da rabo.

Ranar da ruwan farko ya sauka na shuka. Da kaka na samu abin da bai fi rabin tiya ba. Na kai mata nata a kwalba, gauraye da toka saboda ƙwari, yadda Inna ke yi. Ta jijjiga kwalbar, ta shinshina, ta ce in nuna mata yawan tokar da ake sawa.