Yadda na kusa kashe waƙa garin sa mata rai

Tsafta ce ta fara damuna. Kiɗan da na haɗa a kwamfuta ya fito tsaf, kowane sauti a mazauninsa, amma kana ji ka san babu hannun mutum a ciki. Mai busa ko mai jan tsirkiya ba ya dira daidai kan sauti, yakan ɗan zame sannan ya dawo. Ko tsofaffin na'urori irin Minimoog ta 1970, sautinsu kan kauce idan sun ɗauki zafi, kuma wannan kaucewar ce ake nema yau ruwa a jallo.

Sai na fara karkatar da sauti da gangan. Tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa a kibod akwai sent 100 (sent ma'aunin tazarar sauti ne), ni kuwa 5 zuwa 8 kawai nake taɓawa. Na ninka kowane sauti biyu, na ɗaga ɗaya, na sauke ɗaya. Nan take kiɗan ya yi ɗumi, har tsigar jikina ta tashi.

Daɗin nan ne ya ɗebe ni na kai hannu kan bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Na raba shi biyu da tazarar sent 10, ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a dama. A hedifon ya yi kauri, na miƙa aiki ina ta murna. Washegari mawaƙiyar ta kira ni, ta ce, "Malam, wai bes ɗin nan numfashi yake yi?" A lasifika guda ta saurara, inda hagu da dama ke haɗuwa wuri ɗaya.

Na kunna, gabana ya faɗi. Bes ya cika ɗaki, ya ɓace ɓat, ya sake dawowa. A sautin bes da ke kaɗawa sau 55 a daƙiƙa, sent 10 bambanci ne na kusan kashi ɗaya bisa uku na kaɗawa guda, wato duk bayan daƙiƙa 3 sautukan biyu sai su kashe juna. Lissafin nan na san shi sarai, ban dai tsaya na yi ba.

Kwana biyu na ɓata ina sake haɗa waƙar, domin na riga na daidaita ganga da murya a kan wancan bes ɗin. Yanzu bes ɗina guda ne, a tsakiya, ba na taɓa shi ko da sent ɗaya. Karkatarwa ta sautukan sama ce. Kuma ba na sake miƙa aiki sai na ji shi a lasifika guda. Minti ɗaya kacal wannan gwajin zai ci mini a ranar, abin da har yanzu ke ci mini rai ke nan.