Maganin dashen ƙoda ba a rage shi da ka

Ƙannena, duk wanda aka yi wa dashen ƙoda, garkuwar jikinsa da sabuwar ƙodar ba sa ga maciji da juna. Jiki yana ganinta baƙuwa, in aka sakar masa mara zai far mata. Shi ya sa muke shan magungunan danne garkuwa har iyakar rai. Nawa uku ne: takrolimus safe da dare, awa 12 tsakani, sai mikofenolat da firednisolon. Su ke tsare ƙodar da yayata ta ba ni, su ne kuma ke buɗe wa kowace cuta ƙofa. Da korona ta zo, wannan lissafin ne ya ruɗe ni.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar. An rufe iyakoki, jiragen ƙasashen waje suka daina sauka, kafin wata ya ƙare an killace Yamai, ga dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Maganina kuwa wani ɗan kasuwa mai zuwa Indiya ke sayo mini. Kwali na ƙarewa, sai in aika a kawo wani. Ban taɓa ajiye na gaba ba, don kuɗinsa ba wasa ba ne.

Da na ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kan tabarma, sai na ba kaina fatawa. Na ce tunda maganin ke raunana garkuwa, in na bar shan na dare na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: magani ya daɗe, jiki ya samu ƙarfin yaƙar korona. Ban gaya wa likita ba, ban gaya wa mai ɗakina ba. Abin da ban lura da shi ba, ƙoda ba ta kuka da wuri. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Sai da takalmi ya fara matse ni, fitsari ya ragu, na je aka auna jini, kiriyatinin, sinadarin da ke nuna aikin ƙoda, ya hau. An ceto ƙodar da allurai masu ƙarfi, amma ba ta koma yadda take ba.

Gaskiya ne likitoci sun riƙa rage mikofenolat ko su dakatar da shi ga wasu masu dashe da suka kamu da korona. Amma su suna yi ne da sakamakon awon jini a gabansu. Kai da ke zaune a tsakar gida ba ka da wannan idon. Ko gudawa kawai tana iya sa takrolimus ya taru a jini fiye da kima, haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su kilaritromisin. Diklofenak da ibufurofen da ake saya a tebur, waɗannan ku nisance su. Saiƙe-saiƙen da aka riƙa yaɗawa a WhatsApp lokacin, mai ƙoda ɗaya ba shi ne ɗan gwajinsu ba.

Don haka ku masu jinyar iyaye ko ƴan'uwa, ku tara maganin watanni a gaba tun ana zaman lafiya, ko da dangi za su yi karo-karo. Ku riƙe lambar likitan ƙoda, ku ɗauki hoton takardar magani da sakamakon awo na ƙarshe a salula. In magani ya kusa ƙarewa, ku faɗa tun da sauran kwanaki. Ni kunya ce ta rufe mini baki, wai kada a ce na cika roƙo.

Masu jiran dashe sun fi mu shan wuya. A nan jira yana nufin a samu ɗan'uwan da jini ya dace, a haɗa kuɗi, a samu biza. Duk wannan ya tsaya cak, jirage ba su dawo ba sai 1 ga Agusta. Ko a Faransa an dakatar da dashen ƙoda na wasu makonni. Su kuwa masu wankin ƙoda ba su da zaɓin zama a gida. Dole su je asibitin Lamorde a Yamai su kwanta awa huɗu jikin na'ura, ɗaki ɗaya da wasu. Wani abokina ya fara tsallake ranakunsa don tsoron kamuwa. Ruwa ya taru masa a huhu, aka kai shi cikin dare yana haki. Takunkumi da wanke hannu za su rage haɗarin korona, amma babu abin da zai fitar da ruwa da sinadarin fotasiyam da ke taruwa a jini in ba na'urar ba.

Allurar rigakafi ta iso a Maris 2021. Ku yi wa mai jira tun kafin dashe, domin bayan dashe jiki ba ya amsa ta sosai, abin da ya sa wasu ƙasashe suka ƙara wa irinmu ta uku. Ku mutanen gida ma ku yi, tunda kwano ɗaya kuke ci da shi.