Maganar da ke fita daga bakin wanda ya yi rinjaye

Shekara takwas ke nan da rigimar kuɗi ta shiga tsakanina da abokin kasuwancina a nan Jidda, mutumin da muka fara sayar da kayan gyaran mota tare tun ba mu da komai sai bashi da ƙwarin gwiwa. Ba mu kai maganar gaban hukuma ba. Dattawan Hausawa na unguwarmu ne suka zaunar da mu bayan sallar isha'i, aka baje takardu a kan darduma, aka bi lissafi ɗaya bayan ɗaya, gaskiya kuma ta faɗo a wajena. Da na sa takalmina na wuce gida, da magana ta mutu a daren. Amma da muka fito bakin ƙofa, inda 'ya'yansa biyu suke tsaye suna jiransa, sai na ɗaga murya na ce masa ya tuna da wannan dare duk ranar da ya sake tunanin ja da ni. Kawuna ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ka gaskiya a cikin ɗaki, kai kuma ka zo ka zubar da ita a bakin ƙofa."

Na daɗe ina juya wannan dare a zuciyata, kuma ban samu labarin da ya yi kama da shi ba sai a tatsuniyoyin mutanen da ba mu haɗa addini ba. Ni Musulmi ne, waɗanda Girkawa da Hindu suke kira alloli ba su da matsayi a aƙidata. Sai dai mutanen da suka tsara labaran nan sun zuba wa ɗan Adam ido sosai, sun kuma gane cewa lokaci mafi hatsari a rayuwarsa shi ne 'yan mintocin da ke biyo bayan nasara.

Labarin Odisiyas, wani jarumin Girkawa, ne ya fi taɓa ni. A hanyarsa ta komawa gida daga yaƙin Taroyi, shi da mutanensa suka faɗa kogon wani ƙaton dodo mai ido ɗaya, Folifimas, wanda ya toshe bakin kogon da dutse ya rinƙa cin su bibbiyu har ya cinye shida. Odisiyas ya yi dabara: ya ce wa dodon sunansa Ba-Kowa, ya ba shi giya har ya bugu, sannan suka gasa tsinin itacen zaitun a wuta suka soke masa ido. Da dodon ya yi kururuwa 'yan'uwansa suka zo tambaya, ya ce Ba-Kowa ne yake cutar da shi, sai suka koma makwancinsu. Da gari ya waye, suka fita a maƙale a ƙarƙashin cikin raguna. Ɓoye suna ne ya cece shi daga farko har ƙarshe. To amma da jirgi ya ɗan yi nisa da gaɓa, zuciyarsa ta kasa jure a ce an yi wannan bajinta ba a san mai ita ba. Mutanensa suna roƙonsa ya yi shiru, domin dodon ya riga ya jefo musu ƙaton dutse, shi kuwa ya buɗe baki ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na tsibirinsa, Itaka. Da wannan suna dodon ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, wanda suke ɗauka mai mulkin teku. Jirage 12 Odisiyas ya baro Taroyi da su, shekara 10 ya yi a hanya, ya kuma isa gida shi kaɗai a jirgin wasu mutane. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, a nan kuwa wuyan da aka yanka har da na waɗanda suka ce masa ya yi shiru.

Girkawa suna da suna ga wannan hali, suna ce masa hubiris. Aristotal, malaminsu na falsafa, ya bayyana shi da cewa mutum ya yi ko ya faɗi abin da zai kunyata wani ba don wata riba ba, sai don daɗin jin cewa shi ne a sama, kuma a birnin Atina na dā laifi ne da ake iya gurfanar da mutum a kansa. Da na karanta wannan bayani na ga kaina tsaye a bakin waccan ƙofa, domin kuɗina an riga an yanke a biya ni, ba abin da maganar ta ƙara mini. Irin wannan ne ya halaka Ajas ƙarami, wani daga mayaƙan Girkawa a Taroyi, wanda jirginsa ya fashe ya tsira a kan wani dutse, ya ce ya kuɓuta ko alloli sun so ko sun ƙi, sai aka tsaga dutsen da shi a kai.

Ɓangaren Hindu kuwa daga bakin mutum na fara jin sa. Akwai wani dattijo ɗan jihar Kerala da ke riƙe mana littafin lissafi a inda nake aiki yanzu, muna shan shayi tare bayan la'asar, muna haɗa Larabcinmu mu fahimci juna. Shi ya ba ni labarin da ke cikin littafinsu Kena Upanishad. Alloli suka ci yaƙi a kan abokan gabarsu, suka ce wannan nasara tamu ce, wannan girma namu ne. Sai wata halitta da ba su sani ba ta bayyana a gabansu. Agni, wanda suke jingina wa wuta, ya je ya ce shi mai iya ƙone duk abin da ke bayan ƙasa ne. Aka ajiye masa tsinken ciyawa guda aka ce ya ƙone, ya yi iya ƙarfinsa ya kasa. Wayu, na iska, ya zo shi ma ya kasa ko motsa tsinken. Da Indra shugabansu ya matso, halittar ta ɓace, sai wata mace mai suna Uma ta sanar da shi cewa nasarar da suke taƙama da ita ta Brahman ce, wato wanda suke ɗauka tushen komai, su dai an yi ta ne ta hannunsu. Dattijon ya ciro ashana guda daga kwali ya ɗora a kan tebur tsakanin kofunanmu yayin da yake ba da labarin, har yau kuma tsinken nan nake gani idan na tuna.

Ya kuma ba ni na tururuwa. Bayan Indra ya kashe Writra, macijin da ya tsare ruwan duniya, sai ya sa maginin alloli ya gina masa fada, kullum yana neman a ƙara mata girma har maginin ya gaji ya kai kuka. Wishnu, ɗaya daga manyan allolinsu, ya zo wa Indra a siffar yaro, ya ga jerin tururuwa suna ratsa tsakar fadar ya yi dariya, ya ce kowace ɗaya daga cikinsu ta taɓa zama Indra a wani zamani.

Bambancin da na lura da shi ya daɗe yana damuna. A labaran Girkawa da na sani, mai fahariya yakan biya da jini, sau da yawa ma da jinin na kusa da shi, kuma babu komawa baya. A waɗannan biyun na Hindu, an kunyata shi ne da mafi ƙanƙantar abu, tsinke ko tururuwa, aka bar shi da ransa domin ya gane. Ba duka nasu ne masu sauƙi haka ba, domin wani sarki, Nahusha, da ya hau gadon sarautar sama ya sa malamai ɗaukarsa a kan karagarsa, har ya shuri ɗayansu, Agastya, da ƙafa, maciji aka mayar da shi. Duk da haka ina ganin Girkawa sun fi faɗin gaskiyar abin da ke faruwa tsakanin mutane, Hindu kuma sun fi taɓa tushen cutar, wato mutum ya ce ni na yi.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Kwarin Hunaini yana nan tsakanin Makka da Ɗa'if, inda a shekara ta 8 bayan Hijira, 'yan makonni da buɗe Makka, rundunar mutum 12,000 ta ji daɗin yawanta, aka watsa ta a farkon karo, kamar yadda aya ta 25 ta Suratut Tauba ta ambata. Na bi ta wannan yanki ba sau ɗaya ba, na kuma san ayar tun ina makarantar allo, amma ba ta zo mini a bakin ƙofar nan ba.

Da azumin bara na je gidan tsohon abokina, kawuna yana gaba ina biye. Ya karɓe mu da gahawa da dabino, na nemi gafararsa, ya ce ya yafe duniya da lahira, na kuma yarda da shi. Babban ɗansa, wanda yake ɗan shekara goma sha biyu a wancan dare, shi ne ya kawo farantin dabinon. Ya durƙusa ya gaida kawuna, ya ajiye farantin a gabana, ya fita bai dube ni ba.