Mako shida ina cin ƙwai da daddare, ashe ba nan gizo ke saƙa ba

'Yan uwa masu bin diddigin barci da abinci, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Mako shida cur ina ɗora abincin dare a sikeli, ƙwai, kifi, madara, don neman melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci, ina rubuta lokacin kwanciya da lokacin da barci ya ɗauke ni. Shekaranjiya na jera alƙaluman: daren kifi da daren da ban taɓa shi ba duk kanwar ja ce. Ga kuɗin agogon auna barci da na zuba, wanda in na tuna sai raina ya sosu.

Kuskuren farko na lissafi ne, har kunyar faɗa nake. Na ga an ce ƙwai da kifi sun fi jan nama melatonin, na hau murna ban duba ma'auni ba. Na abinci da nanogiram ake ƙirga shi, na ƙwayar magani da miligiram, alhali miligiram 1 nanogiram miliyan ɗaya ne. A ce ma kowane giram yana da nanogiram 5, sai mutum ya cinye kilo 200 kafin ya samu miligiram 1. Shi ya sa Aaron Lerner na Jami'ar Yale, da ya fara ware sinadarin a 1958, sai da ya tara ƙullutun pineal, wato ɗan ƙullutun cikin kai da ke samar da melatonin, na dubban shanu.

Sai na koma kan tiriftofan, wani sinadari da ke cikin furotin, tunda daga shi jiki ke haɗa nasa melatonin ɗin. A nan na daɗe ina walagigi. Kun san zancen: tiriftofan yana gogayya da 'yan uwansa na cikin furotin, su lusin da balin, wajen shiga ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake haɗa shi da sitaci, insulin ya janye abokan gogayyar zuwa tsoka. Mako biyu ina juya wannan haɗi, yau a ƙara sitaci, gobe a rage kifi. Ashe ƙullutun pineal ba ya ma bayan shingen da ke tace jinin ƙwaƙwalwa, inda ake wannan gogayya! Kuma mafi yawan tiriftofan, wajen kashi 95 cikin ɗari, hanyar kinurenin yake bi, wata hanya daban da ba ta kai wa ga melatonin. Ɗan ragowar ne ke zama serotonin, da taimakon bitamin B6. Daga nan sai serotonin ya jira enzayim ɗin AANAT, wanda ke fara juya shi zuwa melatonin, shi kuwa duhu ne ke tashe shi, bayan saƙo ya taso daga ido ya bi ta agogon jiki. Haske na shiga ido, aikin ya ja baya, ko tulin kifi ka ci.

Ni kuwa a ina nake rubuta alƙaluman nan kowane dare? A waya, fuskata dab da allo, fitilar ɗaki tarwai.

Kwana tara ke nan da na koma biro da takarda, ina rage fitila awa biyu kafin kwanciya, abinci na bar shi yadda yake. Hamma tana zuwa da wuri, har daren jiya biron ya suɓuce daga hannuna. Kwana tara ba hujja ba ce, amma na ji daɗi ƙwarai.

Gwajin madarar da aka tatsa da dare, wadda ta fi ta rana melatonin, shi ne ya kamata ya biyo baya. Bayan lissafin kilo 200 ɗin nan, na ja masa layi.