Maƙala Ɗaya, Shiga Uku: Aikin Tace Madogarai a Shagonmu

A Birnin Kebbi an fi sanin shagonmu da buga kundin bincike da ɗinke shi, amma aikin da nake tinƙaho da shi shi ne tace madogarai, wato jerin littattafai da maƙalun da ɗalibi ya dogara da su. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo suna zuwa, na Jami'ar Aliero da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru suna zuwa, har daga Argungu ana kawo mana aiki. Kusan duk ciwonsu ɗaya: maƙala guda ta shiga ma'ajiyar Zotero ko Mendeley (manhajojin adana madogarai a kwamfuta) sau biyu ko uku, mai ita bai sani ba.

Yadda abin ke faruwa ba wuya. Yau ɗalibi ya adana maƙala daga Google Scholar, bayan wata biyu ya sake cin karo da ita a shafin mujallar ya ƙara dannawa, sannan abokinsa ya turo masa nasa tarin ya zuba a kai. Zotero ba ta tsayar da kai ta ce wannan tana nan, karɓa kawai take yi. Sai an zo rubutu a Word ɓarnar ke fitowa. Babi na biyu ya ɗauko kwafi ɗaya, babi na huɗu ya ɗauko ɗayan, tsarin APA na rubuta madogarai kuma ya ɗauka ayyuka biyu ne na marubuci ɗaya a shekara ɗaya, sai ka ga 2018a da 2018b alhali maƙala guda ce. Malamin da ke duba kundin da ya gani zai zagaye ta da jan biro.

Zotero, wadda aka fara a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, tana da sashe a gefen hagu da ke tara abin da take zargin maimai ne. Tana duba take, da lambar DOI da ke tantance maƙala, da lambar ISBN da ke tantance littafi, ta haɗa da shekara da sunan marubuci. Taimako ne babba, amma ba ta san sunayenmu ba. Mujalla ɗaya ta rubuta Muhammad, wata Mohammed, wata ta juya sunan uba ya koma na yanka. Wani lokacin kuma ta haɗa abin da ba ɗaya ba, kamar juzu'i na ɗaya da na biyu na littafi, ko maƙalar taro da wadda aka faɗaɗa ta fito a mujalla da take iri ɗaya. Nan ne ido ke aiki. Ni sai na buɗe takardun biyu na gwada shafi da shafi kafin in taɓa komai.

Wannan haƙurin a wurin wani dattijo ma'aikacin laburare na koye shi a Sakkwato, lokacin ina yaron shago mai buga takardu. Da katin kwali yake aiki. Zai miƙo mini kati biyu ya ce, "Yaro, littafi ɗaya ne ko biyu?" In na yi saurin amsawa sai ya tura ni kanta in ɗauko su in duba shekara da bugu. Allah ya saka masa da alheri.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kwamfuta ɗaya a bakin ƙofar makaranta da ke karɓar aikin da araha. Su gogewa suke yi. Wanda ya san aikin haɗewa yake yi: ya zaɓi kwafin da bayanansa suka fi cika, Zotero ta tattaro takardu da bayanan sauran a kansa, duk inda aka ambaci maƙalar a Word kuma ya zauna daram. In ka goge, ka tsinke igiyar da ke tsakanin kundin da ma'ajiya. Wasunsu ma sai su cire haɗin gaba ɗaya su gyara jerin da hannu, ranar da aka ce a sauya tsari sai ɗalibi ya dawo wurinmu ido ya yi ja. Kuma shi ne zai ce, "Haba Oga, a rage mana, ai danna maɓalli ne kawai."

Mai kawo mana aiki ya zo da kwamfutarsa ko ya buɗe mana ma'ajiyarsa, kada ya turo kundin Word shi kaɗai ta WhatsApp. Kafin mu haɗe ko guda muna ajiye kwafin ma'ajiyar gefe, kuma duk wanda muka yi shakka a kansa sai mai kundin ya zauna kusa da mu mun duba tare.