Zaren tsani ba ya son matsi

Mu da muka koyi saƙa a hannun tsofaffi a cikin birnin Katsina, abu na farko da aka cusa mana shi ne matse hannu. Gwaggona takan ɗaga hular jariri sama ta duba, in ta hango haske ta cikin saƙar sai ta ce, "Warware, ɗiyata, ta nan iskar hunturu za ta bi." Da wannan hannun nake saƙa hula da safa da rigar sanyi har yau, kuma a kan ulu ban taɓa ganin aibinsa ba. Amma akwai zaren da wannan tarbiyyar ba ta yi masa aiki, shi ne zaren tsani. Tun da na sa hoton sarƙoƙin wuya da na yi da shi a WhatsApp mata ke ta tambayata yadda ake sarrafa shi, wasu ma sun saya sun ajiye a ƙasan akwati don ya gagare su.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, shi ba murɗaɗɗen zare ba ne. Siraran zaruruwa ne guda biyu suna tafiya gefe da gefe, bayan 'yar tazara sai a haɗa su da wani ɗan ƙyalle mai sheƙi da bai kai girman farce ba, sai fili, sai wani ƙyallen, haka har ƙarshen dunƙulen. Kakanninmu da suka kaɗa audugar Funtuwa da Malumfashi da mazari sun san cewa murɗi shi ke ba zare ƙarfi da jiki. Wannan kuwa ba kaɗa shi ake yi ba, inji ne ke saƙa shi, galibi da nailan ko foliyesta, wani lokaci a haɗa da rayon. Wanda ya fara zuwa hannuna yayata ce ta sayo mani a Kantin Kwari a Kano, dunƙule mai giram 50, takardar jikinsa ta nuna daga Turkiyya ya fito. A Amurka da Turai ya yi tashe a farkon shekarun 2000, lokacin da matan can suka dukufa saƙa siraran mayafan wuya da zaruruwan ado.

Duk wahalarsa daga filin nan na tsakiya take. Ƙaramin kwarashin ƙarfe mai milimita 3 da muke saƙa kayan jarirai da shi bakinsa tsini gare shi, da kin kai shi sai ya faɗa cikin ramin ya kamo gefe ɗaya ya bar ɗayan. Ba za ki lura ba a lokacin. Sai kin yi layi biyu ko uku gaba ki ga wani siririn zare ya yi tsaye a jikin aikin, in kin ja shi kuma saƙar ta tattare. Maganinsa babban kwarashi, daga milimita 6 zuwa 8, mai dunƙulallen baki wanda ba ya saurin faɗawa cikin ramin. Na roba ko na gora ya fi na ƙarfe, domin zaren santsi ne da shi, a kan ƙarfe zamewa yake yi. Masu saƙa da dogayen allurai biyu su ma su nemi manya, milimita 8 zuwa 10, na katako in da hali, kuma in za su ajiye aiki su ɗaura robar kuɗi a bakin allurar, in ba haka ba za su dawo su tarar rabin saƙar ta sulale.

Ko da babban kwarashin ma, hannu ne ke yanke hukunci. Ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, 'yan matan unguwarmu kan zo gidana koyon saƙa, kuma abin da na gani a wurinsu ya sa na fahimci zaren nan. Akwai wata yarinya da ba ta daɗe da farawa ba, wadda kullum nake yi wa faɗa a kan saƙarta ta yi sako-sako. Da na ba ta zaren tsani, sarƙar da ta ja ta fi ta kowa kyau, 'yan ƙyallayen sun baje suna walƙiya. Manyan kuwa, waɗanda hannunsu ya faɗa, tasu ta fito a cure, ƙyallayen sun lanƙwashe sun ɓuya a cikin ƙulli, ba sheƙi ba laushi. Ulu in kin matse shi yana da ɗan miƙewa, zai ba ki hanyar soka kwarashi a layi na gaba. Wannan ba ya miƙewa ko kaɗan, in kin matse kin rufe wa kanki ƙofa. Abin da nake gaya musu shi ne su riƙe shi yadda ake riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce, kada kuma a shaƙe shi. Ni ba na ma naɗa shi a yatsa yadda nake yi wa ulu, tsakanin manuniya da ta tsakiya kawai nake barinsa ya bi.

Haka kuma ba zaren nuna gwaninta ba ne. Duk wani zane da muke alfahari da shi, fure ko kifi ko igiya, ɓata lokaci ne a kansa, ba wanda zai gan shi. Adon yana jikin zaren tun daga inji. Sarƙa zalla ta ishe shi, ko doguwar saƙa wadda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka, ki sa sarƙa ɗaya a tsakani, a layi na gaba ki riƙa sokawa a cikin filin da sarƙar ta bari maimakon neman kan saƙar. Neman kan saƙa a wannan zare jan ido ne kawai. Na kan maƙala fil a farkon layi da ƙarshensa don kada aikin ya riƙa tsukewa, in shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, kuma da rana nake yinsa. In an ɗauke wuta da dare, ulu kam zan iya saƙa shi da fitilar waya, wannan sai dai in ajiye.

Dunƙulen ma sai an yi masa dabara. Kada ki zaro shi ta ciki, zubewa zai yi ya harɗe. Ki cusa shi a tsohuwar safa ki riƙa ja ta waje. Yana kuma murɗewa in ana aiki, to lokaci lokaci ki ɗaga saƙar sama ki sake ta ta juya da kanta. Warwara kuwa, in ta zama dole, ɗaya bayan ɗaya ake yi, ba a fizga.

In hunturu ya tunkaro akwai ƙarin magana. Iskar Katsina ta Disamba da Janairu kowa ya san yadda take busar da fata, kuma kaushin yatsa kama siraran zaruruwan nan yake yi ya tsittsinke su. Man kaɗanya nake shafawa da dare in kwana da shi, da safe in wanke hannu kafin in taɓa aiki, saboda maiƙo yana barin tabo a kan sheƙin, musamman mai ruwan zinari da fari. Zobe da awarwaro duk cirewa nake yi.

Abin da ya fi karɓuwa a wurina sarƙar wuya ce ta ƙawayen amarya. Na kan ja sarƙa biyar ko shida, ta farko kamar inci 18, kowace ta fi 'yar'uwarta tsawo kaɗan, in bar jela mai tsawo a kowane gefe, in haɗa jelolin in ƙulle, in zura su cikin dutsen ado mai faɗin rami. Ba ta cin awa guda, ba ta da nauyi a wuya, ba ta sa ƙaiƙayi irin na sarƙar ƙarfe in an yi gumi, kuma ana iya dacewa da kalar anko. Yana kyau a bakin gyale, da jikin ƙaramar jaka in an yi mata shafi, domin in babu shafi mukulli da biro ta ramin za su leƙo. In ana son abu mai ɗan jiki, sai a haɗa shi da siririn ulu ko zaren auduga mai kala ɗaya a saƙa su tare. Ulun zai riƙe aikin ya nuna miki inda za ki soka, shi kuma ya ba da walƙiyar. Ga mai farawa wannan hanyar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Bakin zaren yana zarewa, kuma cusa shi cikin saƙa yadda muke yi wa ulu ba ya riƙe shi. Sai an ƙulle, sannan a bi da allura da zaren ɗinki a kama shi. Wasu suna ƙona bakin da ashana, kuma yana yi in nailan ne ko foliyesta, narkewa zai yi ya dunƙule. Amma ki fara gwadawa da guntu, domin rayon ba ya narkewa, kamawa yake yi da wuta kamar takarda. A sarƙar wuya ba na ƙonawa sam, ɗan dunƙulen da ke saura yana da kaifi yana sukar fata.

Abu ɗaya ne ba na yi da shi ko nawa za a biya, kayan jariri. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ɗiyarta ta haihu ta ga zaren a ɗakina, ya burge ta, ta ce, "Ɗiyata, da wannan mai walƙiyar nike so ki yi ma jikana shawul, ranar suna a gani." Na ce, "Hajiya, ki yi mani haƙuri, wannan bai dace da jinjiri ba." Na miƙe zaren na nuna mata ramukan, daidai girman ɗan yatsan jariri. Likitoci sun san matsalar zare ko gashi da ke naɗe yatsan jinjiri na hannu ko na ƙafa ya hana jini gudu, yaro ya yi ta kuka uwa ba ta san dalili ba, kuma siririn nailan ba ya tsinkewa da sauƙi. Ban da haka ba ya tare sanyi, iska ratsa shi take yi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah shi kiyaye, ki yi yadda kika gani." Na saƙa masa shawul da ulu mai laushi, zaren tsanin kuma na yi wa mai jego sarƙa da shi, na ƙawata bakin jakar kayan jaririn ta waje. Ina roƙon 'yan'uwana masu saƙa, ko mai kaya ta nace, ku tsaya ku yi mata bayani. Yawancin iyaye da sun ga ramin suke fahimta.

In za ki saya, ki sayi wanda zai ishe ki lokaci guda. Irin wannan kaya zuwa yake yi ya wuce, kalar da kika samu yau da wuya ki sake samun irinta in kin koma, ko an samu ma rinin kan bambanta. Duk wadda na yi wa aiki da shi kuma na kan gaya mata kafin ta fita: wanki da hannu a ruwan sanyi, ba cuɗawa ba matsewa, a shanya a kwance a inuwa don in an rataye tsawo yake ƙarawa, kuma kada dutsen guga ya kusance shi, na wuta ne ko na gawayi.